Kafin ka ja igiya: yadda ake samun izinin yanka gona fulotai a Jihar Kebbi

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan an cire gero, wani dillali ya same ni a gonar da ya bar mana a gefen Birnin Kebbi, ta wajen hanyar Kalgo. Da igiya a kafaɗarsa ya zo, da yaro mai riƙe masa ɗaya bakin. Ya ja nan, ya ja can, ya tsuguna ya yi zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wanga hili huloti goma na cif, ko makaho ya auna." Tsawon gonar ƙafa 250 ne, faɗinta ƙafa 200. In ka yanka ta 50 da 100, goma ɗin za ka samu kuwa. Sai dai bai gaya mini ta inda mai fulotin can ƙurya zai bi ya shiga gidansa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kafin sati ya zagayo na karɓi kafin alƙalami na fuloti biyu daga hannun wani bawan Allah, ma'aikaci mai tarin gumi. Da tsarin gaskiya ya fito bayan wata bakwai, gonar ta koma fuloti 8, ɗaya daga cikin biyun da na nuna masa kuma hanya ta ratsa ta cikinsa. Kuɗin an riga an kashe su a hidimar gida. Babur ɗina na sayar na mayar masa, da ban haƙuri da sunkuyar da kai. Dillalin ko, la'adarsa ta daɗe da narkewa.

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan kunyar na koye shi, da kuma zirga-zirgar da na yi daga baya har aka gama. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Jeri ne da shi, kuma karɓar kuɗin mai saye shi ne na ƙarshe a jerin.

Fara da sanin ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in mai unguwa ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, shi ke nan an samu izini. Hannun waɗannan iyaye yana da daraja ƙwarai, kuma za ka buƙace shi, amma shaida suke yi cewa sun san ka, sun san gonar, ba su san wata rigima a kanta ba. Ikon ba da izinin kuwa, doka ta ajiye shi wani wuri dabam.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo kuma aka liƙa ta a jikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Daga nan ta raba aikin biyu. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke da hurumi a kansa. Sauran ƙasar karkara, ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, muddin gonar ba ta wuce hekta 500 ba, ko hekta 5,000 in ta kiwo ce. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, kowacce da jami'in filayenta, yawanci a sashen ayyuka.

Kada gero da awaki su ruɗe ka. Gona tana iya zama cike da karan dawa alhali a taswirar gwamnati ta daɗe da shiga birni. Tamu haka ta kasance. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, da matsuguninta na wajen Kalgo, gari ke tafiya ta wannan ɓarayin, kamar yadda yake miƙewa ta hanyar Ambursa inda filin jirgi yake. Haka gefen Argungu, Jega, Yelwa da Zuru. Saboda haka tafiyarka ta farko, ka je wajen jami'in filaye da tambaya ɗaya: gonar nan cikin iyakar birni take ko waje? Ka roƙi a nuna maka a taswira. In waje take, aikinka da ƙaramar hukuma ne. In ciki take, takardun mallaka da rajista suna wajen ma'aikatar filaye ta jiha da KEBGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta Kebbi, sa ido kan tsarin gari da gine-gine kuma na KUDA ne, hukumar raya birane ta Kebbi. In filin yana da satifiket na gwamna, Si-of-O da ake cewa, to ko a tsakiyar daji yake, maganarsa ta jiha ce.

Akwai wasu sassa na dokar da ya kamata mai gonar gado ya sani. Sashe na 36 yana magana kan ƙasar karkara da mutane ke riƙe da ita tun kafin 1978, ya ce kada a yanka ta fulotai, kada a miƙa ta ga wani. Sashe na 34 ya yi irin wannan hanin kan filin birni da ba a gina ba, sai da rubutacciyar yardar gwamna. Tarar da aka sa Naira 5,000 ce ko ɗaurin shekara ɗaya. A wancan zamanin kuɗin sabuwar mota ke nan, yau ko buhun siminti ba za su saya ba, shi ya sa ba mai tsoronsu. Abin tsoron yana sashe na 26: cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba, ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar gida ta rushe don ba a nemi yardar gwamna ba. Abin da ake yi a aikace shi ne, ka fara sa hukuma ta san da kai ta ba ka takarda a kan gonar dunƙule, sannan ka nemi yardarta ka rarraba.

Gyara gida tukuna

In gonar taka ce kai kaɗai, ka saya da takarda, wannan matakin gajere ne: tattara takardar ciniki, rasit, da sunayen shaidu, musamman waɗanda ke raye.

In ta gado ce, to nan ne aiki yake, kuma nan na fara yin kuskure. Gonar da ba a raba ba, ba ta da "nawa" a cikinta. Kowane taƙi na kowa ne. Lokacin da na nuna wa mutumin nan fuloti biyu, na sayar masa da abin da Inna ke da rabo a ciki, ƙanwarmu ma haka. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, ko da kasonka kaɗai ka sayar kafin rabo, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da baƙon ya biya su karɓe. Ka ga ciniki bai zauna ba ke nan.

A zauna da malami masanin gado, a fitar da bashi da wasiyya, a lissafa magada kaf, har da 'yar uwar da ke aure a Dosso ko Kontagora, har da marayun ɗan uwan da ya rasu bayan mai gonar. Sannan a kai kotun shari'a ta tabbatar da rabon ta ba da takarda. Wasu na ƙin zuwa kotu wai kada a ce ana rigima a gidan. Ni dai ina ganin zuwa kotu ana dariya ya fi zuwanta an daina gaisawa. Ofishin filaye ma takardar kotu ya fi natsuwa da ita a kan takardar zaure. A cikin zaman nan ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu su wakilce ku, a rubuta wakilcin, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, mata su dangwala da kansu, kada a ce "an faɗa musu". In akwai wanda bai kai shekara 21 ba, waliyyinsa zai tsaya masa, don dokar ba ta barin a ba wa ɗan ƙasa da haka satifiket kai tsaye. Filin da ke da satifiket kuwa, sashe na 24 ya ce ko ta hanyar gado ba a tsaga shi gida biyu sai gwamna ya yarda.

Kada ku raba gonar a ƙasa yanzu. Ku tsaya a kan kaso: wance tumuni, wane kaza. Fuloti nawa za a samu, tsari ne zai faɗa.

Bincike kafin kashe kuɗi

Kafin ka ɗauki safiyo, wato ƙwararren mai awon fili, ka nemi a duba maka ko gwamnati na da wani nufi a wurin. Ana iya tarar da gonar ta faɗa cikin tsohon tsarin gwamnati da aka zana shekara da shekaru, aka biya diyya tun zamanin kakanni, ba a dai zo an gina ba. Ana iya tarar da burtali ne, ko gefen makiyaya, ko dajin gwamnati, ko wurin da sabuwar hanya za ta bi, kamar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 wadda ta ratsa Kebbi. Gwamna na da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ke kan ƙasa ce, gini ko itatuwa ko amfanin gona. Wanda ya sayi fuloti fanko a irin wannan wuri, wajenka zai dawo.

Ka ɗaga kai ka dubi sama kuma. Babban layin wuta da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi mai ƙarfin kilobolt 330 ne, kuma ana barin masa faɗin mita 50, wato 25 kowane gefe. Mai ƙarfin 132 mita 30, mai 33 da mai 11 kuwa mita 11. Titin gwamnatin tarayya, irin wanda ya bi ta Jega da Koko zuwa Yawuri, yana da mita 45.72 daga tsakiyar kwalta kowane ɓangare. Duk abin da ya faɗa cikin waɗannan, cire shi daga lissafinka tun yanzu.

Sai ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta shafe gonakin shinkafa daga Argungu har Bagudo, ba sai an yi masa dogon bayani kan fadama ba. Amma ko a tudu, kowace gona tana da inda ruwanta ke bi. Ka je cikin watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka tsaya ka kalla. Dillalai da rani suke awo, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau.

Safiyo

Safiyo mai rajista da hukumar SURCON za ka nema. Ka tambaye shi lambar rajistarsa, ba zai ji haushi ba in na gaske ne. Yaran da ke yawo da na'ura a hannu suna iya awo, amma taswirar da ba hatimin mai rajista, ofishin Safiyo Janar ba zai karɓe ta ba, ka biya sau biyu ke nan.

Aikinsa na farko shi ne kewayen gonar gaba ɗaya. Ranar awon ka gayyato maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa, da mai unguwa. Iyakar gonakinmu gamba ce, ko aduwa, ko tsohuwar kunya da garma ke ci kaɗan-kaɗan duk shekara. A wajenmu, wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya a kan cewa wata sabara ce iyaka, yayana ya ce kalgon da ke bayanta ne. Tazarar ba ta fi taku huɗu ba. Mai unguwa ya ce, "Baba, kai ka san wurin nan tun ba a haife su ba, inda ka aza sandarka nan za a kafa." Tsohon ya yi shiru, ya je ya aza ta a tsakiya. Nan aka kafa turken siminti, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Da ba ya nan aka kafa, da har yau ana magana.

Ka karɓi taswirar da faɗin gonar a murabba'in mita, da lambobin turaku. Don ka riƙa gane lissafi: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, eka kuma wajen 4,047, fulotin 50 da 100 kuwa wajen 465. Tamu ta tashi 4,645, ta ɗan ɗara eka.

Tsarin fili, inda goma ta koma takwas

Daga safiyo sai mai tsara gari, shi ma mai rajista, tasu hukumar TOPREC ce. Shi zai zana le'awut, wato taswirar da ke nuna kowane fuloti da lambarsa, da hanyoyi, da magudanar ruwa. Wasu na haɗa aikin biyu a hannun safiyo don sauƙi. A ƙaramin fili na karkara yakan wuce, a cikin birni kuwa hatimin mai tsara gari ake nema.

Ga yadda ya yi da tamu. Gonar ta taɓa hanyar unguwa ne ta gefenta mai ƙafa 200 kawai. Sai ya tsaga ta a tsaye da hanya mai faɗin ƙafa 30, wajen mita 9, daga baki har ƙurya. Hanyar kaɗai ta cinye murabba'in ƙafa 7,500, fuloti ɗaya da rabi ke nan. Abin da ya rage kowane gefe zurfin ƙafa 85 ne, don haka ya faɗaɗa fuskar kowane fuloti zuwa ƙafa 60. Huɗu dama, huɗu hagu, kowanne murabba'in ƙafa 5,100, ya ma ɗan fi na dillali girma. Ƙafa 10 da suka saura a ƙurya ya bar wa ruwa, don can gonar ta gangara.

Na yi masa gardama. Na ce a rage hanyar zuwa ƙafa 15, ai mota za ta wuce. Ya ce mini, "Malam, mota ɗaya za ta wuce. Ran da aka yi lambatu hagu da dama, aka kafa falwaya, kowa ya fito da dakalinsa, me ya rage? Tifar yashi ta ina za ta juya? Ran gobara fa?" Na tuna lungunan da ake ɗaukar gawa a kafaɗa har bakin titi don mota ba ta shiga, na yi shiru. Da na dage, da ofis ɗin ma sun dawo da taswirar, don su ke da mafi ƙarancin faɗin hanya da na fuloti da suke karɓa. Ka sa mai tsarinka ya tambayo waɗannan ƙa'idoji kafin ya zana, kada ya zana sannan a gyara.

Abu biyu da za ka lura da su a taswirar. Bakin hanyarka ya yi daidai da hanyar da ke akwai, ko wadda maƙwabcinka ya bari, kada taka ta je ta ci karo da bangon wani. Sannan kowane fuloti ya sami fuska a kan hanya da kansa. Fulotin da sai an bi ta cikin na wani, rigima ce ka sayar. In gonar babba ce, hekta biyu ko uku, a sa rai za a ce ka bar wurin masallaci, makaranta ko filin jama'a. A 'yan fulotai kamar namu ba a nema ba.

Wani abin mamaki, takwas ɗin ta fi goman dacewa da mu. Inna tana da tumuni, fuloti ɗaya ke nan. Bakwai suka rage, mu maza uku biyu-biyu, ƙanwarmu ɗaya. Kamar an shirya. Amma na bakin hanya ya fi na ƙurya tsada, don haka sai da aka kira masana biyu suka yi wa kowanne kuɗi, wanda ya ɗauki mai tsada ya yi wa ɗan uwansa ciko. Ba kowa lissafi ke zo wa haka ba. In bai zo ba, a sayar da fuloti ɗaya a raba kuɗinsa, ya fi a yanka wani ƙaramin abin da ba zai ɗauki ɗaki biyu da bayi ba.

Shigar da takarda

Yanzu kana da abin nunawa. Ka rubuta takardar neman izini, gajera, ka faɗi inda gonar take, faɗinta, yadda ka same ta, fuloti nawa kake son yi, kuma na zama ne ko na kasuwanci. Ka ambaci sauya amfanin ƙasar daga noma zuwa gidaje a fili ƙarara, don izini ne mai zaman kansa, kuma shi aka fi mantawa. Ka haɗa da shaidar mallaka, takardar kotu da ta wakilci in gado ne, taswirar safiyo, le'awut kwafi da yawa, hotunan fasfo da katin shaida.

In ta ƙaramar hukuma ce, takardar shugaban ƙaramar hukuma ake rubuta wa, amma ta ƙasa take tasowa: mai unguwa, hakimi, sannan uban ƙasa. Ka je da kanka, da shiga ta mutunci, ka zauna ka yi gaisuwa. "Ranka shi daɗe, gonar marigayi ce muke son mu gyara wa yara" ya fi aika yaro da fayil. Daga nan jami'in filaye zai buɗe fayil, a sa ranar duba wuri, rahoto ya je gaban kwamitin ba da shawara kan rabon filaye wanda dokar 1978 ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa, sannan shugaba ya sa hannu. In gonar tana dab da gari, kada ka yi mamaki in an ce sai masu tsara gari na jiha sun ga taswirar. Ka ma roƙi a yi hakan, domin garin da ke tafiya zai iso ka, kuma tsarin da jiha ta san da shi ba ya shan jan fenti.

In ta jiha ce, fom za ka cika a ofishin filaye, kuma ana yawan neman shaidar biyan haraji ta shekara 3. Mai satifiket sai ya biya bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara in akwai, ya karɓo satifiket ɗin daga banki in yana jingine, domin asalinsa za a mayar a soke, a fitar wa kowane fuloti nasa. Na filin zama yawanci wa'adin shekara 99 ne.

Kuɗaɗen da za ka tarar sun haɗa da na fom, na duba wuri, na amincewa da tsari, na sauya amfani, da na rajista. Ka nemi a rubuta maka abin da ake binka a takardar ofis, ka biya ta banki ko inda za a ba ka rasit na gwamnati, ka ajiye asali ka miƙa kwafi. Duk takardar da ka shigar, a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin da kwanan wata. Ka haddace lambar fayil ɗinka kamar lambar wayarka. Ni a bangon littafin aljihu na rubuta ta, duk sati biyu in leƙa in gaishe su in tambayi teburin da ya kai. Fayil ɗin da ba a bibiya barci yake yi. Akwai masu tare ka a bakin ƙofa su ce ka kawo su ƙarasa maka cikin kwana uku. Takardar da za su kawo maka tana iya yin kyau a ido, amma in babu kwafinta a cikin fayil, ba ta da uwa.

Ranar duba wuri ka kasance a gonar da safiyonka, turakun kewaye a bayyane, an share ciyawar da ta rufe su. In sun ce a gyara wani abu, a rubuta maka. Kuma kada a ga tubali ko ɗaya a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya: in kana son sayarwa da kaka, lokacin da manoma ke da kuɗin shinkafa da albasa a hannu, to tun farkon shekara za ka fara.

Bayan an sa hannu

Izinin gaske abu biyu ne tare: wasiƙar amincewa, da le'awut ɗinka da aka buga wa hatimi da lamba. Magana ta baki, ko ta fito daga bakin shugaba, ba ta shiga fayil. Ka yi kwafi da yawa, ka ɗauki hotonsu a waya, asalin ka ajiye inda gara ba ta kaiwa.

Sai safiyo ya dawo ya sauke taswirar a ƙasa, turke huɗu ga kowane fuloti. Na siminti za ka sa, masu zurfi, ko da sun fi tsada. Na icce ran da makiyayi ya bi ya nemi makamashi sun tafi. Sannan ka buɗe hanyar tun kafin kowa ya zo gini, ko da gireda ba ta samu ba a sa 'yan ƙwadago su share ta su tona 'yar kwata gefe da gefe. Hanyar da ido ke gani ba a cika cin ta ba. Ta takarda kuwa, mai gini na farko zai matso da katangarsa ƙafa biyu, na biyu ya bi sahunsa. Ka kuma sa a ranka cewa hanyar nan da ƙafa goman ruwa sun fita daga hannunka. Za a zo maka da tayi, a ce ɗan shago kawai za a kafa a ƙuryar. Kada ka saurara.

Yanzu ne ake kiran mai saye. Ka nuna masa le'awut mai hatimi, ka kai shi ya taka turakunsa huɗu. Takardar ciniki ta ɗauki lambar fuloti, lambar tsarin da aka amince da shi, faɗi da tsawo, da shaidu na ɓangare biyu. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a biya kuɗin hatimi a hukumar harajin jiha. Kowane ciniki kuma yana buƙatar tasa yardar, ta ƙaramar hukuma bisa sashe na 21 in mallakar gargajiya ce, ta gwamna bisa sashe na 22 in ta satifiket ce. Izinin yanka fili dabam, yardar sayarwa dabam, izinin gini ma dabam, wannan na ƙarshen mai saye ne zai nema da zanen gidansa. Ka faɗa masa tun a wurin ciniki.

Ka buɗe littafi guda na fulotan: lamba, sunan wanda ya karɓa, ranar, abin da ya biya, abin da ya saura. In da dillali, a yanke la'adarsa a rubuce, a biya shi bayan kuɗi sun cika, kuma kada ka ba dillali biyu fuloti ɗaya. Magada ma kowa ya nemi takardar nasa da sunansa, kada a bar su duka da sunan wakili. Wakili mutum ne, yana iya rasuwa, 'ya'yansa su tarar da takardu takwas da sunan ubansu.

Mutumin da na mayar wa kuɗinsa ya dawo bayan shekara, ya sayi fuloti mai lamba 6 daga cikin nawa, a farashin da ya ɗara na farko. Ya zo da nasa tef, ya auna daga turke zuwa turke, 60 da 85, ya sake aunawa, sannan ya ciro kuɗi. Na Inna shi ne mai lamba 1, na bakin hanya. Ta ce ba na sayarwa ba ne, bana ma kuɓewa ta sa aka shuka mata a ciki.